Wadda Ta Kalli Tumaki

Dinny Hanratty bai ko kashe taraktar ba. Ya diro, ya zagaya baya, ya kama ƙafafun tunkiyar ya jawo ta daga kan tirela, ta faɗo tim cikin taɓo a ƙofar gidan karnuka. Nuala na tsaye da tiyo a hannu, ruwa na zuba a kan takalmin robarta. Kawo mushe gidan nan ba baƙon abu ba ne. Da shi ake ciyar da karnukan farauta, kuma duk manomin da saniya ko tunkiya ta mace masa nan yake kawowa. Amma mai kawo mushe yakan yi gaisuwa, ya tambayi jikin Malachy, uban Nuala. Dinny bai yi ko ɗaya ba.

"Juya ta ki ga wuyan," ya ce.

Ta durƙusa ta juya ta. An yage maƙogwaron, ulun ƙirjin ya daskare da jini. Cikin tunkiyar ya tsufa, da ƙyar za ta ƙara wata ba ta haihu ba.

"Jiya ne?"

"A'a, bara ne. Jiya mana, lokacin da kuke can bayan tudu kuna ta busa ƙaho a cikin hazo. Ina bakin shingena na gan ta da idona. Karya ce fara, da jan tabo a ƙugu."

"Dinny, karnuka nawa ne ke yawo a ƙauyen nan..."

"Kar ma ki fara, 'yar Malachy. Tun kina rarrafe nake ganin karnukan ubanki, ba yau zan rikita su da karen wani ba." Ya goge hannu a jikin rigar ruwansa. "Da tsakar rana zan wuce kasuwar dabbobi. Duk wanda ya tambaye ni labari zan ba shi. Ke za ki zaɓa mini irin labarin."

Dokar ba a rubuce take ba, amma a yankinmu ko yaron makaranta ya san ta. Ƙungiyar farauta ba ta da ko taku ɗaya na ƙasa. A gonakin mutane ake sukuwa a bi dila, da yardarsu, kuma ranar da suka janye yardar an gama. Karen da ya kashe tunkiya harbe shi ake yi a gaban mai tunkiyar. Ba don huce haushi kaɗai ba: wanda ya ɗanɗana zai koma, kuma ba shi kaɗai zai koma ba, zai ja ƙananan. In ba a harbe ba, Dinny zai sa kwaɗo a ƙofofin gonarsa, maƙwabta su bi sahu, garken karnukan da Malachy Tuohy ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kai ya watse.

Malachy kuwa yana asibiti tun farkon sanyi. A nan tsakar gidan aka tsince shi a ƙasa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, karnuka sun kewaye shi sun yi tsit. Shi ne dalilin da Nuala ta bar aikinta na horar da dawakan tsere a Kildare, inda ta shafe shekaru ba ta leƙo gida sai Kirsimeti, ta dawo ta ɗauki ƙahon ubanta. Hawan doki ba matsalarta ba ce, ko jaki aka ɗaura wa sirdi za ta tsallake katanga da shi. Karnukan ne suka zame mata jarrabawa.

Ta yi ƙoƙari, wannan kam kowa ya shaida. Kullum da safe takan tsaya a bakin ƙofa ta kira su cin abinci ɗaya bayan ɗaya, da suna, yadda ubanta ke yi: masu yanga a gaba, masu haɗama a ƙarshe. Da farko kallonta kawai suke yi kamar ta zo sayar da wani abu. A hankali ta fara gane su. Ta san Parson, tsohon da ya mallake kusurwar benci, wanda ba ya faɗa, ɗaga leɓe kawai yake yi a ba shi wuri. Ta san Saddler mai tsoron gada, da Mermaid da ba ta ganin kududdufi ta wuce, da Ranter da ke ɓarke da kuka tun bai ji ƙanshin komai ba, har sauran suka daina kula shi. Ta yi farin ciki da wannan sani ƙwarai, har takan ba ubanta labari a asibiti, shi kuma ya saurara da rabin murmushin da ya rage masa. Shi mutum ne da ke tsayawa a wannan tudu ya faɗi sunan karen da ya yi haushi a wancan.

Karya fara mai jan tabo a ƙugu guda biyu ce a garken, Tansy da Tulip, ciki ɗaya. A ido Nuala tana raba su sarai, don Tulip na da tsaga a kunnen hagu. Tansy ita ce idon garken. In ƙanshin dila ya ɓace a cikin gonar da aka nome, kowa yakan ja linzami ya jira ta, kuma ba ta cika kunyata mutane ba. Duk zuwan Nuala asibiti, kafin Malachy ya tambayi gida ko goɗiyarsa sai ya tambayi Tansy. Tulip kuwa ta tsakiyar ayari ce, ta ci, ta yi barci, ta bi na gaba. Ba a taɓa yabonta ba, ba a kuma taɓa kuka da ita ba.

Nuala ta fito da su biyun ta buɗe bakinsu a gaban Dinny. Babu ulu a haƙora, babu jini a gashi. Jiya da yamma ita da kanta ta wanke garken duka da tiyo saboda taɓo.

"To wacce ce?" ta tambaye shi.

"Daga can ƙetaren gona kike so in hango kunne? Ɗaya daga cikinsu ce. Ke ce mai karnuka."

Ana cikin haka motar Fergal ta shigo. Fergal maƙerin takalmin dawaki ne, mutumin Cork, shi ke riƙe bulala a bayan garke ranar farauta. Shekararsa ta biyu ke nan da mu. Kofaton kowane doki a yankin ya san shi, amma kare a wurinsa kare ne. Ya dubi tunkiyar, ya dubi Dinny, ya tura hula baya.

"Dinny, ka tashi da ƙafar hagu ke nan."

"Da ka yi aikinka da bulalar nan jiya da na tashi da ta dama."

"A hazon jiya ko kunnen dokina ban gani ba." Ya juya ga Nuala. "Akwai wadda ta dawo a makare, wata fara. Na ga wucewarta ta ƙasan ƙofa. Kar ki tambaye ni wacce."

"Amfaninka ke nan," in ji Dinny.

"Ai abin ba wuya," Fergal ya ce. "A wajenmu igiya ake sa musu a ratsa da su cikin tumaki. Mai laifi ba ta iya ɓoyewa. Jikinta zai gaya miki."

Nuala ta taɓa wayar da ke aljihunta. Ta san wanda ya kamata ta kira. Amma maganar Malachy a waya ba ta fita, sai ya yi ta fama da kalma ɗaya har ransa ya ɓaci, kuma likita ya ja mata kunne a kan tayar masa da hankali. Wannan shi ne dalilin da ta ba kanta, kuma dalili ne mai kyau. Akwai wani a ƙarƙashinsa: tana so ranar da ya ji labarin ya ji cewa 'yarsa ta san karnukanta, ta yanke hukunci ita kaɗai. Ta cire hannu daga aljihu ta ɗauko igiya biyu.

Gonar Dinny katanga ɗaya ce tsakaninta da gidan karnuka. Yayyafi ya dawo, irin siririn nan da ba ya jiƙa mutum sai ya gama shiga ƙashi. Tumakin sun taru a kusurwa, tsoron jiya bai sake su ba. Nuala ta riƙe igiya ɗaya a kowane hannu ta nufe su a hankali, mazan biyu na biye.

Tun daga nesa Tulip ta ɗaga kai. Kunnuwanta suka motsa, jelarta ta fara kaɗawa, ta soma wani ɗan kuka a maƙogwaro. Da suka matso sai ta ja igiyar da ƙarfi har ta kusa fizge kafaɗar Nuala, ta miƙe a kan ƙafafun baya, idonta ƙyam a kan tumakin, yawu na zuba. Tumakin suka watse, ita kuma ta ƙara ja.

Tansy ko kallon inda suke ba ta yi ba. Ta sunkuyar da kai, ta cusa jela tsakanin ƙafafu, ta juya fuska wajen katanga. Da Nuala ta ja ta gaba sai ta zagayo ta lafe a bayan ƙafafunta.

"To," in ji Dinny. "Ko makaho ya gani."

"Waccan baiwar Allah ma tsoronsu take ji," Fergal ya ce.

Wani sanyi ya sauka a ƙirjin Nuala, sanyin daɗi, kuma ta ji kunyarsa nan take. Tun da Dinny ya ambaci jan tabo take addu'a a ɓoye Allah ya sa Tulip ce. Ga shi an amsa mata a gaban shaidu biyu, ba ta yi wa kowa ƙarya ba.

A bayan gidan karnuka aka yi, wajen ramin da ake binne ƙasusuwa. Nuala ta mayar da Tansy ciki ta rufe ƙofa. Fergal ya ɗauko bindiga daga mota, wasan bakinsa duk ya gudu. Nuala ta durƙusa a cikin ciyawa mai jiƙa ta ce, "Tulip, zauna," ta zauna. Ba ta wahalar da kowa ba. Wuyanta kawai take ta miƙawa ta saman kafaɗar Nuala, tana leƙen inda tumakin suke. Da ƙarar ta tashi hankaki suka watse daga kan rufi, garken kuma ya yi shiru a ciki, har Ranter.

Dinny ya cire hula ya riƙe a ƙirji. Fushin ya bar fuskarsa, ya koma tsohon da ya gaji.

"Ba son raina ba ne, Nuala."

"Na sani."

"Ranar Asabar ƙofofina a buɗe suke. Ki gaya wa sauran." Ya mayar da hular. "Ya jikin dattijon?"

"Da sauƙi."

"Ki ce ina gaishe shi. Ki ce masa ya haifi 'ya."

Ita da Fergal suka yi haƙa, ƙasar ta yi nauyi da ruwa. Bayan sun rufe ramin ya ce ta zo su sha shayi a motarsa, ta ce lokacin ziyara ya kusa. Ta wanke hannu a famfo, ta kama hanyar gari ba ta ko sauya riga ba.

Ɗakin da Malachy yake na tsofaffin maza ne, mai warin magani da dafaffen kabeji. An kunna talabijin ana tseren dawaki ba murya, wani tsoho a gadon ƙarshe yana ta zagin dokin da ya zaɓa. Malachy na jingine da matashi a gefen taga, kofin shayinsa ya huce a kan tebur. Mutumin da muryarsa ke tsallake kwari ya koma ɗan tsurut a cikin rigar barci mai ratsi.

Ta yi niyyar ba za ta faɗa masa yau ba. Ta sumbaci goshinsa, ta gyara masa bargo, ta fara zancen ruwan sama. Shi kuwa hannun rigarta yake kallo, inda farin gashi ya manne da wani ɗigo da famfo bai fitar ba.

"Wa?" ya ce.

"Baba, ka sha shayinka tukuna."

"Wa."

Sai ta faɗa masa. Ta fara da ƙarshen don kada ya wahala: Tansy na nan lafiya, Dinny ya sauko, Asabar za a fita. Sannan ta koma kan tunkiyar, da jan tabon, da shawarar Fergal. Ta ji muryarta na ɗan tashi da alfahari, ba ta hana ta ba.

"Tulip ce, Baba. Da ka ga yadda ta yi da ta hango su. Da ƙyar na riƙe ta."

Ya daɗe yana tattara kalmomin. Tun ciwon nan haka yake magana, ɗaya bayan ɗaya, yana hutawa a tsakani.

"Jelarta. Tana kaɗawa?"

"Sosai."

"Tana kuka. Ƙasa-ƙasa."

"Haka ne. Ya aka yi ka sani?"

Ya jefo tasa tambayar: "Tansy fa?"

"Ko kallonsu ba ta yi ba. Ta sunkuyar da kai ta ɓuya a bayana. Fergal ma cewa ya yi tsoro take ji."

Malachy ya rufe ido. Hannunsa mai lafiya ya damƙe bargon ya sake. Tsohon gadon ƙarshe ya buga tsaki, dokinsa ya zo na baya.

"Wa ya raini Tulip?" ya tambaya, idon a rufe.

Nuala ta san al'adar, a cikinta ta tashi. In an yaye 'yan kwikwiyo akan rarraba su gidajen manoma su yi wayo a can, sai sun shekara a dawo da su garke. Amma lokacin da aka rarraba su Tulip tana Kildare.

"Ban sani ba."

"Peig Moloney. Ta kan tudu." Ya huta. "Marayun 'yan tumaki. A kicin. Kwali ɗaya suka kwana. Kwalba ɗaya suka sha." Ya buɗe ido. "In ta ga tunkiya, gaisuwa take so ta je. Kullum. Ni nake riƙe ta."

Nuala ta ji ɗakin ya yi mata nisa. Ta kama ƙarfen gadon.

"Tansy," ya ci gaba, kuma sunan ya fi sauran kalmomin ba shi wuya. "Ta cikin tumaki take ratsawa. Kai sama. Jela sama. Kamar duwatsu ne. Ba ta tsoron komai." Ya haɗiye yawu. "Sau ɗaya ta ɓuya a bayana. Ranar da ta kashe kyanwar uwarki."

Wata ma'aikaciyar jinya ta turo keken shayi, ta tsaya a gefensu da fara'a ta tambaya ko a sauya masa da mai zafi. Ta dubi fuskokinsu ta tura kekenta gaba.

Kuka ya zo wa Nuala ta danne shi, don ba ta ga tana da hakkin yi a gabansa ba. Ta yi ta jira ya zage ta. Da ya zage ta da ta ji sauƙi. Shi kuwa taga yake kallo, inda ruwa ke gangarowa a kan gilashi.

"Da na kira ka," ta ce.

"Da kin kira."

Ta matso da kujerarta, ta rage murya. "Baba, ba wanda ya sani. Dinny ya gamsu, Fergal ya gamsu. Daga ni sai kai. An riga an biya ran tunkiyar nan."

"Asabar fa?"

"Ba zan fita da ita ba. Zan bar ta a gida."

"Ta ji ƙaho. Ta zauna?" Ɓarin bakinsa mai motsi ya karkace. "Katanga ɗaya. Wata mai zuwa. Haihuwar tumaki."

"To in ba wa wata ƙungiya. A Galway, ko a arewa, inda ba a san ta ba."

"Can ba tumaki?"

Duk ƙofar da ta taɓa ta san a rufe take tun kafin ta taɓa, so kawai take shi ya buɗe mata ɗaya. Shi ne mai Tansy, shi ya karɓi haihuwarta, kuma da sunanta likitoci ke lallashinsa ya yi motsa jiki. In ya ce a bar ta, Nuala za ta bar ta, ta ɗauki duk abin da zai biyo baya.

"Gobe da safe," ya ce. "Ki fara ba ta abinci. Ita kaɗai. Sannan bindiga. Ba Fergal ba. Ke."

"Baba."

"Sannan ki hau tudu. Ki gaya wa Peig. Da bakinki. Wanda ya yi raino, ana gaya masa."

"Me zan ce mata?"

"Abin da ya faru."

Aka fara sanar da cewa lokacin ziyara ya ƙare. Matan da suka zo wajen sauran tsofaffin suka shiga tattara jakunkuna da lemarsu. Nuala ta miƙe. Ta leƙa tagar. Filin ajiye motoci na nan ƙasa daf da ginin, ga motarta ma tana hangowa, da kejin karnuka a baya.

"In kawo Tansy nan da sassafe," ta ce. "In tsaya da ita a ƙasan tagar nan. Ko daga nesa ka gan ta."

Ya juyo ya dube ta. Idonsa ya cika, na ɓarin da ya shanye yana zuba ba tare da ya sani ba. Ta ga yana so, ta ga bakinsa ya fara haɗa amsar.

"A'a," ya ce. "In na gan ta, zan ce ki bar ta."

Ta ɗauki tsumma ta share masa kunci. Sannan ta ja labulen tagar kamar yadda ya nuna mata da hannu, ta ɗauki makullin motarta ta fita.